Kujerar Mai Amsawa

Afaf na tsaye a kan kujera tana kokawa da ƙusar da ke riƙe da hoton ƙarshe a bangon falo. Ƙusar ta ƙi fita. Marigayi mijinta, Ustaz Shukri, shi ya buga ta, kuma shi duk abin da ya buga a gidan nan bai buga shi don a cire ba. Da ta gaji sai ta ƙyale ƙusar, ta sauke hoton, ta jingine shi da 'yan'uwansa goma sha ɗaya. Duk abu ɗaya ne a jikinsu: budurwa a bakin kogi riƙe da shuɗin mayafi, saurayi a cikin kwale-kwale, sai sunan wasan kwaikwayon da jan rubutu a sama, Badriyya da Mai Fito. Shekara ce kawai ta bambanta su, sai fuskokin 'yan wasan.

Tana saukowa waya ta yi ƙara. 'Yarta ce daga garin Isma'iliyya.

"Mama, kin gama haɗa kayan?"

"Saura kicin."

"Maigidana Hazim zai taso da mota bayan la'asar. Ƙarfe bakwai zai same ki a ƙofar gidan wasan, ku biya ku kwashi akwatuna. Ni da za ki bi ta tawa ma, da ba ki je ba."

"Zan je in yi musu sallama. Mutum ba ya sulalewa kamar ɓarawo, bayan shekara arba'in."

"Ki yi sallamarki, amma don girman Allah kada ki amsa. Kin san dokarsu. In kika buɗe baki yau, shi ke nan, ni da mijina sai dai mu riƙa ganinki a hoto. Sai an ɗauko ki daga kujerar nan kamar yadda aka ɗauko Baba."

"Badriyya!"

"Kin ji ko? Kin ji abin da suka ja mini? Likitar haƙori, shekarata talatin da takwas, amma duk tsohon da ya ji sunana sai ya fara rera mini waƙa, baki a wangale, audugata a ciki."

Afaf ta yi dariya ba don ta so ba, ta ce ta ji, ta kashe wayar.

Dokar da 'yar ke magana a kai ba a rubuce take ko'ina ba, amma duk wanda ya taɓa hawa benen gidan wasan nan na tsakiyar Alƙahira ya san ta. A kashi na biyu na wasan, mai fito kan dawo bayan shekara bakwai, duhun magariba ya rufe kogi, ya tsaya a jirginsa ya rera tambaya ko wa ke tsaye a gaɓa. An ce ranar da aka fara nuna wasan, tun ba a haifi Afaf ba, kuka ya shaƙe 'yar wasan ta kasa amsawa. Makaɗa suka tsaya cak. Sai telan da ya ɗinka kayan wasan, wanda ya haddace waƙoƙin a bakin kekensa, ya miƙe daga kujera ta sha huɗu a saman bene ya amsa mata. Tun daga ranar amsar ta bar bakin 'yar wasa ta koma bene. Duk lokacin da aka dawo da wasan, in an zo wurin, kiɗa zai tsaya, budurwar ta yi shiru, mai kujera ta sha huɗu ya ja numfashi bakwai ya amsa shi kaɗai, sannan jama'a su ɗauka.

Wanda ya amsa sau ɗaya, kujerar ta zama tasa har ya mutu. Ba ya fashi, sau uku a mako, wata huɗu a jere, ko da zazzaɓi yake. In kuma ba a wasa, a gidansa ƙungiyar masoya wasan ke taruwa kowace Alhamis. Telan ya yi shekara talatin yana amsawa, Shukri ya gaje shi ya yi talatin da biyar. Wata takwas ke nan da rasuwarsa, yau Juma'a ƙarfe huɗu za a sake buɗe wasan da sababbin 'yan wasa, ƙungiya kuma ta zauna ta yanke, ba tare da ta nemi jin ta bakinta ba, cewa matarsa ce za ta gaje shi.

To Afaf ba ta son wasan. Ba gajiya ta yi da shi ba, tun ranar farko bai kwanta mata ba. Suna cikin baiko Shukri ya kai ta, ƙaninta na zaune a tsakaninsu yana gadi, ita kuma ta ari takalmin yayarta wanda ya yi mata kaɗan. Kafin a shiga kashi na biyu yatsunta sun mutu, hawaye na bin kumatunta. Shukri ya leƙo ta bayan ƙeyar ƙanin, ya ga fuskarta sharkaf daidai lokacin da telan ke amsawa, sai ya dafe ƙirji. Shekara arba'in da ɗaya yana ba baƙi labarin nan, yana cewa a nan ya san ya sami matarsa. Yaushe za ta ce masa takalmi ne? A makon farko kunya ta hana ta, a shekarar farko tausayi, daga baya kuwa ƙaryar ta riga ta haihu har an raɗa wa 'yar suna.

Ta so Shukri, wannan kam ko a gaban alƙali za ta faɗa. Ma'aikacin gidan waya ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga murya a gidan ba sai in waƙa yake yi. Amma ita a ganinta budurwar da za ta tsaya shekara bakwai a bakin ruwa tana jiran namijin da ko wasiƙa bai aiko ba, ba soyayya ke damunta ba, rashin aikin yi ne. Ta wanke kofunan shayi ashirin-ashirin kowace Alhamis, ta share ɓawon 'ya'yan kabewa daga ƙarƙashin kujeru, ta ji kaset ɗin waƙoƙin wasan nan daga kicin har ya shiga ƙashinta. Yanzu abin da take nema bai taka kara ya karya ba: ɗakin da 'yarta ta share mata, mai taga a jikin bishiyar mangwaro, da Alhamis ɗaya wadda ba mai buga mata ƙofa.

Aka buga ƙofa.

Abla Ihsan ce, sakatariyar ƙungiya, tsohuwar malamar makarantar 'yan mata, shekararta saba'in da biyar amma har yau in ta kalli mutum sai ya gyara tsayuwa. Ta yafa shuɗin mayafi irin na hoton, kamar yadda masoyan ke yi ranar buɗewa. Ta dubi kwalaye, ta dubi bangon da ya rage fayau.

"Innalillahi! Ummu Badriyya, ɓarayi ne suka shigo miki?"

"Ni ce ɓarauniyar, Abla. Shigo."

"Fenti za ki yi?"

"Tafiya zan yi. Tun watan jiya na faɗa miki."

"Kin faɗa. Ni ma kullum cewa nake zan daina shan sukari." Ta buɗe jaka ta zaro wani mayafin ta miƙa mata. "Yafa mu tafi, kafin jirgin metro ya cika da 'yan yawon Juma'a."

A taragon mata wata ɗaliba ta tashi ta ba Abla Ihsan wuri, wata mai kwandon ganye ta matsa wa Afaf. Jirgin na barin unguwarsu ta Shubra Afaf ta ji in ba ta faɗa yanzu ba, ba za ta taɓa faɗa ba. Zuciyarta na bugawa kamar za ta amsa laifin kisa.

"Abla, zan gaya miki wata magana, kada ki faɗi."

"Ai a zaune nake."

"Ba na son wasan nan. Ban taɓa son sa ba. Ko waƙa ɗaya."

Ta jira sama ta faɗo. Abla Ihsan ta ci gaba da laluben alewar na'ana'a a cikin jaka, ta samo, ta ɓare, ta jefa a baki.

"To sai aka yi yaya?"

"Kin kuwa ji abin da na ce?"

"Kunnena na hagu ne ya mutu, ke kuwa a dama kike. Haba Afaf, wa kike tsammanin bai sani ba? Shekara nawa muna kallonki a kujera ta sha biyar kina ƙirga fitilun silin? Ranar da mai fito ya zame ya faɗa ramin makaɗa ya karya ƙafa, ita ce rana ɗaya tak da na ga kin ji daɗin kuɗin tikitinki."

Mai kwandon ganyen ta ƙunshe dariya. Afaf ta ji fuskarta ta yi zafi.

"Shukri fa?"

Abla Ihsan ta ce, "Shukri, Allah ya jiƙansa, shi kaɗai ne bai sani ba. Wa zai gaya masa? Ai sai marar imani."

Afaf ta juya tana kallon duhun da ke wucewa ta taga. Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya. Ashe shekara arba'in da ɗaya tana wasan kwaikwayo don mutum ɗaya, sauran duk suna kallonta kyauta, suna shan shayinta.

"To in kun sani, me ya sa sai ni?"

"Saboda Adli da Wagdi, me kuma? In aka ba Adli kujerar, Wagdi zai fita da mutanensa. In aka ba Wagdi, Adli ya rantse da kabarin uwarsa ba zai sake hawa benen ba. Mu nawa muka rage? Sha tara har da ke. Rabi nan, rabi can, ni kuma a tsaga ni biyu. Ke kaɗai ce ba mai jin kishinki, don kowa ya san ba so kike ba."

"Wannan ai zalunci ne, Abla."

"Zalunci ne mana, wa ya ce ba shi ba ne? Amma ki faɗa mini, in aka watse, Hajja Nabawiyya ina za ta je ranar Alhamis? 'Ya'yanta duk suna ƙasar waje. Ni ina zan je? In zauna in yi hira da firij?"

"Ba zan amsa ba."

"To," in ji Abla Ihsan, irin "to" ɗin da take yi wa ɗalibar da ta ce akuya ce ta cinye aikin gida.

Harabar gidan wasan ta cika maƙil. Matasa ne suka fi yawa, waya a sama suna ɗaukar kansu hoto a gaban allon talla, a can gefe kuma ga 'yan shuɗin mayafi sun taru wuri ɗaya, mazan sun naɗa nasu a wuya. Suna hango Afaf suka yo kanta. Wannan ta rungume ta, wancan ya yi wa Shukri addu'a, Hajja Nabawiyya ta saki sandar tafiyarta mai ƙafa huɗu ta kamo fuskarta da hannu biyu tana kuka. Wani tsoho da ba ta ma tuna sunansa ba ya ce mata jiya aka sallame shi daga asibiti, ya ce wa likita ko a kan gadon ne sai an kawo shi.

Ustaz Adli, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, dogo mai rinannen gashin baki, yana tsaye a dama. Dakta Wagdi mai kantin magani, gajere mai tumbi, yana hagu yana tsotsar maganin maƙogwaro.

"Me kake gyaran murya a kai, Dakta?" in ji Adli. "Wa ya ce za a nemi ka yi tallar maganin tari?"

"Gara ni, Ustaz. Kai in ka buɗe baki mutane tashi suke su ɗauki kaya, sun zaci jirgin Aswan ya iso."

Ana cikin haka mai shirya wasan ya ratso, Ustaz Tamir, mutum ne da bai wuce arba'in ba, baƙar riga, ido ja don rashin barci. Ya gaishe da Afaf da ladabi, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya rage murya, amma ba yadda sauran ba za su ji ba.

"Madam, gaskiya zan gaya miki. Da niyyata in cire tsayawar nan. Yaran yanzu ba su san ta ba, in kiɗa ya tsaya sai su ɗauka wuta ce ta lalace. Na bar ta ne don darajar Ustaz Shukri. Amma na gaya wa yarinyar da ke fitowa a Badriyya, in ta ƙirga goma ba ta ji amsa mai kyau daga sama ba, ta rera abinta. Daga ranar kuma ya zama nata. Ki yi mini uzuri, ni ma aiki nake karewa."

Ya tafi. Duk idanun 'yan shuɗin mayafi suka dawo kanta. Afaf ta ga in ta bari minti ɗaya ya wuce, sun cinye ta.

"Jama'a, ku saurare ni. Ba zan amsa ba. Yau a Isma'iliyya zan kwana, wurin 'yata, kuma can zan zauna. Sallama na zo yi. Ga Ustaz Adli, ga Dakta Wagdi, ku zaɓi ɗaya tun ba a kaɗa ƙararrawa ba."

Ta faɗa, kuma ta ji daɗin da ta faɗa. Sai dai ba wanda ya bi ta kan zancen tafiyarta. Kamar ta jefa ashana a fetur, Adli ya ce shi ya riga kowa shiga ƙungiya, Wagdi ya ce tsufa ba murya ba ne, Adli ya ce shi ya riƙe makarar Shukri ta gaba, Wagdi ya ce shi ya ba Shukri magani shekara goma kafin a kai ga makarar. Wasu suka ce a jefa kwabo, wasu suka ce haramun ne a yi caca da kujera. Aka kaɗa ƙararrawa ta farko, aka kaɗa ta biyu, ba a tsayar da kowa ba. Jama'a suka ɗunguma kan matakala, suka tafi da Afaf a tsakiyarsu.

A saman bene ta nufi kujerarta ta kullum, ta sha biyar, sai ta tarar da Hajja Nabawiyya ta riga ta baje a ciki, an cusa sandarta a ƙarƙashi. Abla Ihsan ta turo ta daga baya, ita kuma Ablar ta zauna a sha uku. Kafin ta waiga layin ya cika, tsofaffi tara a dama, tara a hagu, gwiwoyinsu na taɓa katakon gaba. Kujera ɗaya ce ta rage.

"Abla, wannan aikinki ne."

"Ni? Hajja ce ta ce daga nan ta fi gani. Zauna, kin tare wa mutane."

Afaf ta zauna a kujera ta sha huɗu. Ta gaya wa kanta zama ba amsawa ba ne. Kujerar ta lotsa a gefen hagu, yadda Shukri ke karkata, ta ji jikinta ya bi lotsawar ba da izininta ba.

Aka kashe fitilu, aka ja labule. Ga kogin nan na zanen kwali, ga kasuwar ƙauye, ga 'yan mata da tuluna suna waƙar buɗewa. Abla Ihsan ta fara share ido tun ba a yi komai ba. Afaf ta ɗaga kai za ta fara ƙirga fitilun silin, sai kunnenta ya jawo ta ƙasa. Mai ganga na sauri. Ba haka ake kaɗa wurin ba, ya kamata ya bar wa 'yan tulu sararin juyawa. Yarinyar da ke Badriyya kuma muryarta ba laifi, amma ta riƙe mayafin a hannun dama, to da wane hannun za ta karɓi zoben in an zo rabuwa? Aka zo rabuwar, yarinyar ta daburce ta sauya hannu. Afaf ta ja tsaki.

"Kin ce wani abu?" Abla Ihsan ta raɗa mata.

"Ban ce ba."

Haushin kanta ya kama ta. Ina ruwanta da hannun da aka riƙe mayafi?

Da aka yi hutun rabin lokaci ta miƙe da niyyar ta sauka, ta jira Hazim a waje ko da awa biyu ne. Ta dubi dama, ta dubi hagu. 'Yan bene ba sa tashi a hutu, don wanda ya tashi sai an taru an zaunar da shi. Kafin ta fita sai ta tayar da tsofaffi tara ɗaya bayan ɗaya, a jawo sandar Hajja, a ɗaga ƙafar mutumin asibiti, duk suna kallonta. Hajja Nabawiyya ta buɗe leda ta miƙo mata burodi da cuku, ta ce ta ci, murya ba ta fita a kan yunwa. Afaf ta koma ta zauna da burodin a hannu. Can ƙarshen layi Adli da Wagdi na aika wa juna saƙon baƙar magana ta bakin mutane biyu.

Aka shiga kashi na biyu. Shekara bakwai ta wuce a cikin waƙa uku. Fitilu suka koma shuɗi, kwale-kwalen ya silalo daga gefe, saurayin na tsaye a ciki da sandar tuƙi. Budurwar na gaɓa ta juya wa jama'a baya. Afaf ta damƙe jakarta, ta haɗe leɓɓanta gam, har ta sa haƙori ta danne na ƙasa.

Saurayin ya ɗaga murya, mai kyau kuwa, Allah ya ba shi.

"Wa ke tsaye a gaɓa, duhu ya hana ni gani?"

Shugaban makaɗa ya ɗaga sandarsa ya tsayar da ita a sama. Kiɗa ya ɗauke. Gidan da ke ɗauke da mutum dubu ya yi shiru, har ana jin ƙugin fankar silin.

Numfashi ɗaya. Biyu. Afaf na kallon gwiwarta, amma tana jin idanu sha takwas-sha takwas a kumatunta. Uku. Abla Ihsan ba ta taɓa ta ba, ba ta ko juyo ba, abin da ya fi taɓawar ciwo.

A na huɗu Ustaz Adli ya miƙe. Bai jira bakwai ba, tsoro yake kada Wagdi ya riga shi. Ya dafa ƙarfen bene, ya buɗe ƙirji, ya ɗauko waƙar daga can ƙololuwa inda ko yana saurayi ba zai kai ba. Kalma biyu suka fito, ta uku ta tsage, ta koma wani irin kuka kamar an taka kyanwa, sai tari ya sarƙe shi.

"Na faɗa," in ji Wagdi, amma bai miƙe ba. Afaf ta hango shi, fuskarsa ta yi fari, maganin maƙogwaron ya tsaya masa a kunci. Ashe shi ma baki ne kawai.

Daga ƙasa wani ya tuntsire da dariya. Wasu suka taya shi. Wata murya ta ce, "Allah ya ba da lafiya, Kaka!" Dariyar ta bazu, wayoyi suka ɗago suna haska bene. Adli na nan tsaye, hannu a kan ƙarfe, baki buɗe, rinin gashin bakinsa na bin gumi. Afaf ba ta taɓa son mutumin nan ba. Shi ne mai tofar da ɓawo a kan dardumarta, shi ne mai cewa shayinta ya yi tsararo. Amma ganin tsoho ɗan shekara tamanin a tsaye yara na masa dariya ya ba ta tausayi.

Bakwai ya wuce. Takwas. A kan dandamali yarinyar ta saci kallon gefen labule, ta ɗaga kafaɗa, ta fara cika ƙirjinta da iska.

Abin da ya fi cin ran Afaf ba dariyar ba ce ma. Wurin da Adli ya ɗauko waƙar ne. Ba daga sama ake ɗauko ta ba, daga ƙasa ake fara ta, a hankali, kamar mai magana da wanda ke kusa. Kowane jaki ya san wannan. Niyyarta kawai ta nuna masa wurin, ta ɗan yi masa gunjin farkon ya kama. Ta saki leɓenta don ta yi hakan.

"Wadda ka bari ce, tana nan inda ka bar ta."

A tsaye ta tsinci kanta. Muryar da ta fito ba ta mawaƙiya ba ce, muryar kicin ce, mai kaushi, wadda ta saba da kiran mai kayan miya daga hawa na huɗu, amma ta sauka daidai inda ya kamata, ta ja inda ake ja, ta tsaya inda ake tsayawa, ba ta kauce ko da ƙwayar gero ba. Dariyar ta mutu. Yarinyar da ke dandamali ta saki iskar da ta tara. Shugaban makaɗa ya sauke sanda, kiɗa ya ɓarke, 'yan bene sha takwas suka ɗauki amshi da muryoyinsu masu rawa, sai ga na ƙasa su ma sun kama, har da masu dariyar, gidan duka ya ɗauka.

Hajja Nabawiyya ta rangaɗa guɗa. Wagdi ya miƙa hannu ta kan mutane ya jawo Adli ya zaunar da shi yana bubbuga masa baya. Abla Ihsan ta kama hannun Afaf ta sumbata, hawayenta na ɗiga a kai, tana cewa, "Allah ya raya ki, Allah ya bar mana ke."

Afaf ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Baƙin ciki ta ji, tsantsarsa, irin na wanda ya kulle kansa a ɗaki ya jefar da makullin ta taga. Da tilasta mata aka yi, da ta sami wanda za ta zaga. Ba wanda ya buɗe mata baki. Ta ce a ranta yau ɗin ce kawai, ko dai ta ƙarasa musu makon nan kafin su sami wani, iyaka ƙarshen wata. Tana faɗa tana jin yadda maganar ke tsawo da kanta, kuma ta san muryar, ita ce dai wadda ta ce mata a bari sai bayan biki a faɗi gaskiyar takalmin.

A dandamali kiɗa ya lafa, ya rage sarewa ita kaɗai. Saurayin ya taka gaɓa da igiya a hannu. A layin baya wasu 'yan mata biyu na ta ƙus-ƙus, ɗaya ta miƙo hannu ta taɓa kafaɗar Afaf.

"Anti, Anti, wallahi kin burge mu! Don Allah ɗan juyo mu ɗauke ki hoto. Ranar Lahadi ma ke ce za ki yi? Za mu kawo mamanmu."

Afaf ta juya ta watsa musu harara.

"Ku rufe mana baki," ta ce. "Yanzu ne zai ɗaure jirgin."